Huɗu a Jere Ci Ne ko Ba Ci Ba? Lafazin Doka da Manufarta, Daga Gurbin Dara Zuwa Gidan Mai

Dara irin ta jeri, wadda ake haƙa wa gurabe a ƙasa, dokarta ba ta da yawa. Gurbi 30 ne, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan ya riƙi tsinke, wancan tsakuwa. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin zubi ba. In an gama sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Shi ke nan fa. Yaro zai haddace ta tsakanin azahar da la'asar.

To ka ɗauka wani saurayi a Sabon Birni an koya masa ita kamar yadda na faɗa yanzu, a jimla ɗaya: jera uku, ka ci. Ya zauna da wani dattijo, ya tura ɗansa, sai 'ya'yansa huɗu suka jeru. Ya miƙa hannu zai ɗauka, dattijo ya riƙe hannun. "Dakata yaro, wanga ba ci ba na." Saurayi ya ce, "Baba, ƙirga mana. Ɗaya, biyu, uku. Na huɗun ai gyara ne."

A lissafi saurayin bai yi ƙarya ba, domin duk huɗu akwai uku a cikinta. Amma 'yan dara ba sa lissafa huɗu a jere a matsayin ci, kuma in ka duba gurabun za ka ga dalili. 'Ya'ya 24 a gurbi 30, wato gurbi shida kacal ke zama babu kowa bayan zubi. Fili ne matsattse. Da huɗu ko biyar suna ci, da wanda ya fi cunkusa 'ya'yansa wuri ɗaya shi zai riƙa lashewa, ba sai ya yi tunani ba. Sharaɗin "uku daidai" shi ke sa ɗanka na kanka ya zame maka ƙaya, kuma a nan gwanintar wasan take. Saurayi ya riƙe lafazi, dattijo ya riƙe abin da lafazin yake karewa.

Wannan gardama tana da suna a wata duniyar wasa da ke nesa da mu, kuma masu bincike sun auna ta a ɗakin gwaji. Abin da suka gano ya shafi fiye da wasa.

Tatsuniyar da ake yi da littafin doka

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ka tuna tatsuniyar dare, amma a ce masu sauraro su ne taurarin labarin. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur, kowa ya ɗauki wani ya zama shi: wannan jarumi mai takobi, wancan ɓarawo mai wayo, waccan mai siddabaru. Mutum ɗaya kuma shi ne mai jan ragama. Shi ke cewa "kun iso bakin wani kogo, kuna jin gurnani daga ciki, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa dayis irin na ludo, sai dai babban cikinsu fuska 20 gare shi, a ga ko abin ya yiwu.

Bambancinsa da dara babba ne. A dara tafiya huɗu ce kawai ɗa zai iya yi. A nan kuwa ɗan wasa yana iya cewa komai: zan haura katanga, zan ba mai gadi cin hanci, zan cinna wa rumbu wuta. Littattafan dokar suna da ɗaruruwan shafuka, duk da haka ba za su taɓa ƙure abin da kan ɗan Adam zai ƙago ba. Shi ya sa masu wannan wasa suka fi kowa gardamar fassara, har suka yanka wa ɓangarorin suna. Akwai RAW, taƙaitawar kalmomin Ingilishi masu nufin "doka yadda aka rubuta ta", da RAI, "doka yadda aka nufe ta". Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin bugu na biyar da ya fito a 2014, ya yi amfani da wannan rabo a filin amsa tambayoyinsa mai suna Sage Advice, har ya ƙara na uku, wato doka yadda za ta fi sa wasa daɗi.

Ga shahararren misalinsu. A dokar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne, kuma kowane mutum yana tsaye a fili mai faɗin ƙafa biyar, kusan mita ɗaya da rabi. Doka ta kuma yarda mutum ya ɗaura niyya ya ce "da zarar kaza ya faru zan yi kaza", ya aikata nan take a cikin zagayen. Sai wani mai wayo ya ce, to a jera mini talakawa a layi, kowa ya ɗaura niyyar miƙa sanda ga na gabansa da zarar ta iso hannunsa. Mu yi lissafin tare. Mutum 1,000 a jere sun kai mita 1,524. Sanda ta ratsa su duka a daƙiƙa shida, wato tana gudun mita 254 a daƙiƙa, sama da kilomita 900 a awa, gudun jirgin sama na fasinja kenan. In ka ninka mutanen zuwa 2,000, sandar ta wuce gudun sauti, wanda yake wajen mita 343 a daƙiƙa. Na ƙarshen layi sai ya sake ta kan dodo, a ce ta ratsa shi kamar harsashin igwa.

Abin dariya ne, amma ka lura da inda zambar take. Wajen miƙa sanda, mai wayon ya ce a bi littafi a manta da kimiyyar motsi, domin babu hannun da zai iya miƙa abu cikin wannan sauri. Da aka zo wajen ɓarnar da sandar za ta yi, sai ya ce a ajiye littafi a bi kimiyya. In da gaske lafazi yake bi har ƙarshe, littafin bai san wani abu wai shi gudun sanda ba. Abin da ya sani shi ne wani talaka ya jefa sanda, kuma raunin da za ta yi ɗan kaɗan ne. A ganina wannan ita ce alamar da ake gane mai neman kafa: yana bin lafazi ne zuwa daidai inda ya biya masa buƙata, daga nan ya sauka. Maganar ta yi yawo har sabon littafin masu jan ragama na 2024 ya kawo irin wannan misali don ya ja kunne cewa dokokin wasa ba dokokin kimiyya ba ne, kuma an gina su ne bisa zaton za a karanta su da kyakkyawar niyya.

Akwai wani da ya fi wannan ban dariya, daga bugu na uku. Lafiyar kowane ɗan wasa lamba ce. In ta sauka ƙasa da sifiri yana bakin mutuwa. Dokar nutsewa a ruwa kuma ta ce wanda ya fara nutsewa lambarsa tana komawa sifiri. Marubucin yana tunanin lafiyayye ne da ya faɗa kogi. Masu bin lafazi suka ce ashe in abokinka yana ƙasa da sifiri, maganinsa ka tsoma kansa a bokiti, ya hauro zuwa sifiri. Babu mai hankalin da zai ce haka aka nufa. Amma haka aka rubuta.

Me ya sa ba a iya rubuta dokar da ba ta yoyo

Mutum zai ce ai laifin marubuta ne, da sun natsu da ba a samu kafa ba. Masana falsafar shari'a sun daɗe da nuna cewa matsalar ta fi sakaci zurfi. A 1958 wani malamin Jami'ar Oxford, H.L.A. Hart, ya kawo misalin dokar da ta hana shiga lambun shaƙatawa da abin hawa. Mota dai kowa ya yarda ta shiga dokar. To keke fa? Motar wasan yara fa? Ya ce kowace kalma tana da tsakiya inda babu gardama, tana kuma da gefe inda haske ke dusashewa. A mujalla ɗaya, a shekara ɗaya, Lon Fuller na Jami'ar Harvard ya mayar masa da martani da misalin da ya fi kama da rayuwarmu. An hana barci a tashar jirgin ƙasa. Ɗan sanda ya kamo mutum biyu: fasinja da jirginsa ya yi latti, gyangyaɗi ya sace shi yana zaune da tsakar dare, da wani da ya shimfiɗa bargo ya ajiye matashi ya miƙe, amma idonsa biyu. Na farko ya yi barci, amma ba don irinsa aka yi dokar ba. Na biyu don irinsa aka yi ta, amma bai yi barci ba tukuna.

Ka ga yoyon ta gefe biyu yake. Doka takan kama wanda ba shi ake nema ba, takan kuma saki wanda ake nema. Dalili shi ne mai doka yana da manufa a zuciya, amma manufa ba ta ganuwa, sai ya nemi wata alama da ido ke gani ya rataya dokar a kanta. Alamar kuwa ba ta taɓa zama daidai wa daida da manufar.

Mutanen Isa da Sabon Birni ba sa buƙatar a je Oxford kafin su gane wannan. A watan Satumba na 2021, da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a gabashin Sakkwato, gwamnatin jihar ta Aminu Waziri Tambuwal ta kafa wasu dokoki, ciki har da hana sayar da fetur a jarka, da hana goyon mutum uku a babur, da dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, waɗannan biyun na ciki. Manufar a bayyane take: a yanke wa na daji mai da kuɗi. Jarka ita ce alamar da aka rataya dokar a kai, domin mai gidan mai ba ya ganin zuciyar mai saye, jarka yake gani.

Yanzu auna ta da ma'aunin Fuller. Manomin albasa a fadamar Gulbin Rima, injin ban-ruwansa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa. Haka mai injin niƙa, haka ƙaramin asibitin da ke dogara da janareta. Duk lafazi ya kama su, manufa ba ta neme su ba. A ɗaya gefen, mai kai wa 'yan bindiga mai yana iya cika tankin babur, ya zagaya bayan gari ya tsiyaye, ya dawo ya sake cikawa, bai taɓa jarka a gidan mai ba. Irin wannan siffa ce da umarnin hukumar kwastan na Nuwamban 2019, wanda ya hana sauke mai a gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa don a daƙile fasa-ƙwauri. Kilomita 20 abu ne da ake aunawa, shi ya sa aka zaɓe shi, amma a cikin wannan tazara akwai garuruwa cike da mutanen da ba su taɓa ƙetarar da ko lita ɗaya ba. Ba ina cewa dokokin ba su da hujja ba ne. Ina nuna cewa tsarin matsalar ɗaya ne da na bokitin ruwa, sai dai a nan abin da ke kan faifai amfanin gona ne da rayuka.

Mu ma muna da tsohon zance a kai

Almajiran ilimi za su ce ai mun riga Hart da ƙarnoni, kuma da gaskiyarsu. Ba kwatanta addini da wasa nake yi ba, tambayar fassara ce dai iri ɗaya. Bayan yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai kada su yi sallar la'asar sai a Bani Ƙuraiza, kamar yadda ya zo a ruwayar Bukhari. Lokaci ya riske su a hanya. Wasu suka ce ba za su yi ba sai sun isa, don haka aka faɗa. Wasu suka ce abin da ake nufi shi ne a yi sauri, suka yi sallarsu a hanya. Da labari ya kai gare shi, bai zargi kowane ɓangare ba. Ibnul Ƙayyim daga baya ya ɗauki ɓangarorin nan biyu a matsayin magabatan ma'abota zahiri da ma'abota ma'ana. Layin farko ya bi ta kan Dawud Azzahiri a Bagadaza da Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064. Layi na biyu ya kai ƙololuwa a hannun Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 1388, wanda littafinsa Al-Muwafaƙat ya shimfiɗa ilimin manufofin shari'a. Abin lura a ƙissar shi ne duk ɓangarorin biyu biyayya suke nema. Babu mai neman kafa a cikinsu. Ke nan bin lafazi ba kullum wayo ba ne, wani lokaci tsantseni ne.

Abin da gwaji ya nuna

Tambayar da masu bincike suka yi a baya-bayan nan ita ce: mutane na yau da kullum, in lafazi da manufa suka yi karo, ina suke karkata? A 2020 Noel Struchiner da Ivar Hannikainen da Guilherme Almeida suka wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi, inda ake ba mutum gajeren labari mai doka da dalilinta, sannan a tambaye shi ko an karya dokar. Misali, an hana shiga ɗaki da takalmi don kada a ɓata shi. Wani ya shigo ba takalmi amma ƙafarsa duk taɓo. Wata kuma ta gwada sabon takalmi fil daga kwali a tsakar ɗakin. Suka tarar duka biyun, lafazi da manufa, suna tasiri a hukuncin mutane, amma in suka yi karo lafazi ya fi rinjaye.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na 2022, wanda Hannikainen da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar PNAS, da mahalarta daga ƙasashe 15. Abu biyu suka fito. Na ɗaya, masu ilimin shari'a sun fi sauran mutane riƙe lafazi. Na biyu, in aka ce wa mutum za a ba shi lada idan amsarsa ta dace da ta wani da bai sani ba, kuma ba za su yi shawara ba, sai ya ƙara matsawa wajen lafazi.

Me ya sa? Masanin tattalin arziki Thomas Schelling ya bayyana irin wannan tun 1960. In aka ce ka haɗu da wani baƙo a birnin Sakkwato gobe, ba waya, ba a faɗi wuri ba, ba za ka tafi inda ka fi so ba. Za ka tafi inda kake zaton shi ma zai yi zaton za ka je, wataƙila ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Lafazin doka shi ne ƙofar fadar. Manufa kowa da yadda yake hango ta, amma kalmomin suna nan a gaban kowa.

Wannan ya bayyana wani abu game da dara. Sabon Birni da Tsibiri ta jihar Maraɗi duk Gobir ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 gidan sarautar ya watsu, daga baya kuma yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 zuwa 1906 suka ratsa ƙasar da iyaka. Dara tana ko'ina a yankin, har wajen Zabarmawa da ke kiran ta dili, amma ba a bakin kowa dokarta take ɗaya ba. A wasu wurare jera huɗu haramun ne gaba ɗaya, ba ka da ikon yin tafiyar. A wasu kana iya yi, ba ta dai ci. Haka ake saɓani kan ko ana ɗaukar ɗa daga cikin ukun da abokin karawa ya riga ya jera. Tsakanin mutanen da suka shekara 20 suna wasa a inuwa ɗaya, ba mai buƙatar a furta waɗannan. 'Yan kallo ma sun isa alƙalai, kuma "ba haka ake yi ba" hujja ce gamsasshiya. Ranar da baƙo ya zauna, ko aka sa kuɗi, wannan hujja ta mutu. Dole a faɗi sharaɗi kafin a zuba ɗa na farko, kuma abin da aka faɗa shi za a bi ko da ya zo da abin da ba a so. Haka abin yake a Dungeons & Dragons: abokai a gida suna wasa da manufa hankali kwance, amma a tarukan da baƙi ke haɗuwa a tebur ɗaya an fi jingina da rubutu. Gwargwadon ƙarancin sanayya da amana, gwargwadon nauyin lafazi.

Manufar wa?

Zuwa nan mai karatu zai iya zaton manufa ita ce ta mutanen kirki, lafazi na 'yan wayo. A yi hattara. Kalmar "abin da aka nufa" tana da daɗin baki, amma wa zai faɗe shi? A wasan tebur akwai aƙalla mutum uku da ke da'awa: wanda ya rubuta littafin, mai jan ragama, da ɗan wasan da ya fi kowa ɗaga murya. Mai jan ragamar da kullum yake gano "manufa" a daidai lokacin da 'yan wasa suka kusa kayar da dodonsa, ba fassara yake yi ba, son kai ne. Ɗan wasan da ya gina dabararsa kan abin da aka rubuta yana da haƙƙin kada a janye masa tabarma a tsakiyar wasa. A wajen wasa kuwa abin ya fi tsanani. In aka ce wa kowane jami'i a shingen hanya ya yi hukunci da manufa, to an ba shi ikon ya ce jarkar wane ta noma ce, ta wane kuma ta daji ce, kuma mun san abin da kan biyo bayan irin wannan iko. Sau da yawa lafazi shi ne garkuwar mara ƙarfi.

Ƙwallon ƙafa ta ba da darasi a kan wannan. A gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da 1, ta kuma buga wasanta na ƙarshe na rukuni kwana ɗaya kafin Jamus ta kara da Ostiriya. Ƙasashen biyu suka shiga fili a garin Gijón ranar 25 ga Yuni sun san cewa in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, dukansu sun wuce, Aljeriya ta fita. Jamus ta ci ɗaya wajen minti na 10, daga nan aka koma tura ƙwallo tsakanin 'yan baya har aka tashi. Duniya ta yi tir, Aljeriya ta kai ƙara, FIFA ta ce ba a karya wata doka ba. An ci amanar manufar gasa, wannan ba shakka. Amma da an soke sakamakon da sunan manufa, da an buɗe ƙofar soke duk sakamakon da bai yi wa masu iko daɗi ba. Abin da aka yi shi ne gyara rubutun: daga 1986 wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci ɗaya ake buga su. Aljeriya dai ba ta amfana ba, na bayanta ne suka amfana.

Akwai kuma sabon ɗan wasa da bai san manufa ba sam, wato na'ura. A 2016 kamfanin OpenAI ya ba da labarin wata manhaja da suka horar da wasan tseren kwale-kwale mai suna CoastRunners. An ce mata ta tara maki. Sai ta gano wani lungu inda abubuwan ba da maki ke sake fitowa, ta yi ta zagaye a wurin, tana karo, tana kamawa da wuta, ba ta taɓa gama tseren ba, kuma makinta ya fi na mutane da kusan kashi 20 cikin 100. Ba ta yi zamba ba, abin da aka rubuta mata ta bi. Masu gina irin waɗannan na'urori yau suna fama da tambayar da dattijon dara ya amsa da riƙe hannu.

Yadda teburin ke warware ta

Masu wasan tebur, bayan shekara 50 suna wannan gardama, ba su tsayar da wanda ya yi nasara ba. Abin da suka koya shi ne tsara yadda za a yi saɓanin. Kafin a fara dogon wasa ana yin zama na musamman da ba a jefa dayis, a faɗi yadda za a bi da wuraren da doka ta yi duhu da irin wayon da ba a so. In gardama ta tashi a tsakiyar wasa, mai jan ragama ya yanke nan take, a ci gaba, a dawo kanta bayan an tashi. In aka sauya fassara, daga zama na gaba take aiki, ba a komawa baya a ƙwace abin da mutum ya riga ya ci. Kamfanin da ke buga littattafan kuma yana fitar da gyare-gyare a rubuce in yoyon ya yi yawa.

In ka ɗora wannan kan dokar jarka, za ka ga tambayoyin da ya kamata mai tsara irin wannan doka ya amsa tun a takarda. Shin an rubuta dalilin dokar a jikinta, yadda mai aiwatarwa zai san abin da yake karewa? Wa aka ba ikon ya saurari manomin fadama, kuma a gaban wa yake yanke hukuncin, tunda a dara idon 'yan kallo ne ke hana alƙali son kai? Yaushe za a zauna a duba ko dokar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa? Ana iya cewa, misali, a yi wa masu injin ban-ruwa rajista ta hannun hakimai da ƙungiyoyin manoma, a ba kowa kati da adadin litar da zai saya a mako. Wannan zai toshe yoyon gefe ɗaya. Sai dai katin shi ma alama ce da ido ke gani, kamar jarka, kuma ranar da aka raba shi wani zai fara tambayar nawa maƙwabcinsa zai sayar masa da nasa.